Masu aikin rami, ku duba batirin na'urarku kafin ku sauka

Assalamu alaikum 'yan'uwana masu kwashe sokawe, masu yasar rijiya da masu wanke tankunan mai a Sakkwato. Ni duba-gari ne, kuma da yawanku mun san juna a bakin aiki.

Alhamdu lillahi, wasu 'yan kwangila sun fara saya wa yaransu na'urar gano gas, wadda ke yin ƙara idan iska ta ɓaci. Na yaba ƙwarai. Amma abin da nake ta gani daga Mabera har Runjin Sambo yana ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro ya maƙala na'ura a ƙirji, ya kama igiya zai sauka. In ce kawo in gani. In danna, fuskarta baƙi ƙirin. In buɗe murfin baya, in tarar da batir ya zubar da ruwa, farin gari ya cinye ƙarafan ciki. In tambaya yaushe rabon da a canza shi, sai a ce, "Ai Malam, ba ta taɓa yin ƙara ba." Haba jama'a! Matacciyar na'ura ta yaya za ta yi ƙara? Kun mayar da ita laya, a rataya kawai a shiga.

Kada wani ya ce mini hancinsa ya ishe shi. Gas ɗin sokawe mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, idan ya yi yawa hancin yake fara kashewa, ka daina jin warin, kuma can ƙasan rami yake kwanciya domin ya fi iska nauyi. Wanda ke fitowa daga hayaƙin injin ban ruwa da ake kunnawa a bakin rijiya kuwa ba shi da wari ko kaɗan. A fili na'ura mai lafiya tana nuna iskar shaƙa (oksijin) kashi 20.9 cikin ɗari, idan ta sauka zuwa 19.5 sai ta yi kururuwa. Wannan kururuwar ce kuka biya kuɗi dominta, kuma batir ne ke yin ta.

Ku kuma iyayen gida, da ku nake. Kuna da kuɗin man mota, kuna da na katin waya, amma sai a zo kan batir ku ce a lallaɓa zuwa gobe. Har na ga wanda ke cewa yaro ya kashe na'ura a cikin rami wai kada caji ya ƙare. Subhanallahi! Ɗan wani ne fa a ƙasan nan, da mahaifiya tana jiran dawowarsa. Na san halin da ake ciki, na san wuta ba kullum ake samu ba, amma duk wanda ke iya kai wayarsa shagon caji zai iya kai na'ura da cajarta.

Sannan zafin garinmu. Daga Maris zuwa Mayu yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Celsius, ku kuma sai ku jefa na'ura a gaban gilashin mota ta wuni a rana. Zafi na cinye ƙarfin batir, musamman mai caji.

Ga abin da nake roƙo:

- Kowace safiya a kunna ta a fili, a ga alamar batir cike, a ji ƙararta da kunne.
- A sa irin batirin da kamfaninta ya rubuta. Kada a haɗa tsoho da sabo.
- Kada a buɗe murfin batir ko a sa caji kusa da rami ko tankin mai. Tartsatsi ɗaya ya isa.
- Idan za a ajiye ta na makonni, a cire batir in mai cirewa ne, a sa ta a inuwa.
- A riƙa gwada ta da kwalbar gas ɗin gwaji, a kuma duba matatarta saboda ƙurar hunturu.

Idan ta nuna batir ya yi ƙasa ana tsakiyar aiki, a fito nan take, ko da bokiti ɗaya ya rage. In kuwa wani ya faɗi a ciki, Allah ya kiyaye, kada kowa ya diro bayansa. A janyo shi da igiyar da ke ƙugunsa, a kira 'yan kwana-kwana, a garzaya da shi asibiti ko da ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi.