Wuta Daga Tuƙar Rake: Me Dokar Lantarki Ta 2023 Ta Tanada?

Duk wanda ya tsaya gaban baron mai rake a Zuba ko Dei-Dei ya san tulin tuƙar da ake bari a ƙasa bayan an tsotse ruwan. Masu mazarƙwaila a Maƙarfi sun daɗe da sanin darajarta: shanya ta suke yi, su hura wutar da za ta dafa ruwan raken. Masana'antar sukari ma haka take yi, sai dai ita tukunyarta tururi take fitarwa, tururin ya juya injin da ke haifar da lantarki. Kusan kashi 30 cikin 100 na nauyin raken da aka matse tuƙa ce, don haka ba ƙaramin makamashi ba ne. Brazil da Indiya da tsibirin Mauritius sun daɗe suna sayar wa jama'a rarar wutar da masana'antunsu suka samar.

To mu a Najeriya fa? Dokar Lantarki ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, ta maye gurbin ta 2005, kuma ta sa ragowar amfanin gona cikin makamashin da ake sabuntawa, tare da hasken rana da iska.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne girman wutar da kuma wanda zai sha ta. Idan ba ta wuce megawat 1 (ma'aunin ƙarfin wutar lantarki) a wuri guda ba, babu buƙatar lasisi. Idan ta wuce amma masana'anta kanta za ta yi amfani da ita, takardar izini ake nema. Da zarar an ce sayarwa za a yi, sai lasisi da yarjejeniya da mai saye.

Wa zai ba da lasisin? A da NERC, hukumar tarayya mai kula da harkar lantarki, ce kaɗai, nan Abuja. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya buɗe wa jihohi ƙofa: jihar da ta yi tata dokar ta kafa tata hukumar, sai NERC ta miƙa mata ragamar kasuwar wutar cikin jihar. Enugu na cikin waɗanda suka fara karɓa a 2024. Wutar da za ta tsallaka iyakar jiha kuwa tana nan hannun NERC, haka ma mu a Babban Birnin Tarayya.

A nan ne hankalina ya fi tsayawa. Rakenmu na masana'anta yana Numan a Adamawa, da Sunti a Neja, da Lafiagi a Kwara, wuraren da manoman da ke kewaye suke fama da ƙishirwar wuta. Doka ta halatta a sayar musu, amma ba ta sa kuɗi a aljihun mai saye ba. Mai masana'anta ba zai sayi babbar tukunya mai tsada ba sai ya san farashi, ya kuma tabbatar za a biya shi kan lokaci. Ga shi kuma matsar rake ta rani ce, sai an tara tuƙa an adana kafin wutar ta kai damina.

Saboda haka idan majalisar jiharku ta kira sauraron ra'ayin jama'a kan dokar lantarki, ku je ku tambaya: nawa za a sayi wutar tuƙa, kuma ƙauyukan da ke jikin gonar ne za su fara samu?