Koyon firogiramin bayan mutum ya girma

Koyon firogiramin a girma shine mutum ya fara koyon rubuta wa kwamfuta umarni bayan ya wuce shekarun makaranta, galibi da aiki ko kasuwa ko iyali a wuyansa, kuma bai karanta kimiyyar kwamfuta a jami'a ba. Matasa sun fi ce masa kodin. Abin da ya fi raba babba da yaro a wannan harka lokaci ne, don yaro yanada yini guda, shi kuwa magidanci ɗan abinda ke hannunsa awa ɗaya ce bayan isha'i, in ma an kawo wuta kenan.

Tarihi

Waɗanda suka fara wannan sana'a duk a girma suka koya, tunda babu makarantar da ke koyar da ita a lokacin. Grace Hopper malamar lissafi ce a kwalejin Vassar ta Amurka, tana da shekara 37 lokacin da aka tura ta aiki kan Mark I, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko, a jami'ar Harvard a 1944, daga baya kuma ta zama cikin waɗanda aikinsu ya haifar da COBOL, wani yaren rubuta wa kwamfuta umarni. A 1964 John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙirƙiro yaren BASIC a kwalejin Dartmouth domin ɗaliban da ba kimiyya suke karantawa ba su ma su iya taɓa kwamfuta.

Intanet ce ta buɗe ƙofar sosai. Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu kodin, da GitHub, inda ake ɗora ayyukan kodin, sun fito a 2008, shafin koyarwa na Codecademy a 2011, sannan a 2012 jami'ar Harvard ta saka CS50, darasinta na gabatar da kimiyyar kwamfuta, a shafin darussa na edX kowa ya bi kyauta. A 2014 Quincy Larson ya kafa freeCodeCamp, shafin koyon kodin kyauta, shi kansa tsohon shugaban makaranta ne da ya koyi kodin bayan ya haura talatin. Misalin da aka fi bayarwa dai shine na Masako Wakamiya ta Japan, tsohuwar ma'aikaciyar banki da aka haifa a 1935, wadda ta fitar da wasan Hinadan na iPhone a 2017 tana da shekara 81 saboda ta ga wasannin waya duk na matasa ne masu saurin yatsa.

Yaren farawa

Anan ne mutane suke ɓata watanni, yau wannan yace Java gobe wancan yace C++, alhali ginshiƙan duk ɗaya ne kuma wanda ya riƙe yare ɗaya da kyau na biyu baya ba shi wahala kamar na farko. Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, shi aka fi ba sabon shiga saboda rubutunsa a sarari yake, layi ɗaya kamar print("Sannu") ya isa kaga sakamako a allo, kuma da shi ake yawan aikin tace bayanai. Sai dai a kula da tsofaffin darussan Python 2, an daina kula da shi tun farkon 2020. Mai son gina shafin intanet kuma hanyarsa HTML da CSS masu tsara shafi da kamanninsa, sannan yaren JavaScript, wanda Brendan Eich ya rubuta a 1995 a kamfanin Netscape, kuma baya buƙatar a sauke komai don burauza ma ta isa.

Abin da ake koya

Ginshiƙan basu da yawa: ajiye bayani a ƙarƙashin wani suna, gindaya sharaɗi, maimaita aiki, tara abubuwa a jeri, da kuma dunƙule wasu layuka a ba su suna don a riƙa kiransu duk sanda ake so. Mai shago da ke rubuta bashi a littafi ya riga ya san tunanin, yana bin sunaye ɗaya bayan ɗaya, wanda bashinsa ya haura dubu goma ya sa masa alama, a ƙarshe ya haɗa jimla. Shirin kwamfuta na farko mai amfani kusan haka yake, kuma nan ne babba ya fi yaro, don yanada matsalar gaske da yake son warwarewa, albashin ma'aikata ko sakamakon ɗalibai ko lissafin kaya a sito.

Inda ake maƙalewa

Kwamfuta bata da kara. A Python in ka manta ɗigo biyu a ƙarshen layin if, wato layin gindaya sharaɗi, shirin bazai tashi ba, in ka tura layi ciki da tazarar da bata yi daidai da na samansa ba zai ce IndentationError, alamar = ɗaya ajiya take yi biyu kuma tambaya ce ko abu biyu daidai suke, sannan ƙirga a jeri daga 0 ake farawa, wato na farko shine 0 na biyu shine 1, wannan kaɗai ya isa ya cinye wa mutum dare guda. Sabon shiga yana ganin jan rubutu sai gabansa ya faɗi ya rufe laftof, alhali saƙon ya faɗi lambar layin da matsalar take, a Python ma layin ƙarshe na saƙon shi ake fara karantawa.

Babbar cutar kuma ita ce kallon bidiyo ba rubutu. Mutum zai bi darasin YouTube na awa goma yana gyaɗa kai komai ya gane, a buɗe masa farin shafi ace rubuta, sai shiru. Maganin da masu koyarwa suka fi bayarwa shine a tsayar da bidiyon a rubuta da hannu, a canza wani abu da gangan aga me zai lalace, kuma rabin awa kullum ta fi awa biyar ranar Lahadi kaɗai. Tun fitowar ChatGPT, manhajar da ke amsa tambayoyi, a Nuwamba 2022 cutar ta sake salo, don yanzu ana iya karɓar amsa a liƙa ta yi aiki ba tare da an san dalili ba. Yafi amfani a tambaye shi ma'anar saƙon kuskure da a ce ya rubuta aikin gaba ɗaya.

A Najeriya

Wuta da kuɗin data da tsadar laftof sune manyan cikas, ga Turanci, don umarnin yarukan da saƙonnin kuskure da mafi yawan littattafan duk da shi suke, ko da yake Turancin karatu ake buƙata ba na iya magana ba. Wasu da waya suke farawa, da manhajoji irin su Pydroid 3 da Sololearn, kuma tana kai mutum wani wuri a ginshiƙan farko amma aiki mai fayiloli da yawa sai da kwamfuta, ko da ta hannu ce. Kamfanin Andela ya fara horar da masu rubuta manhaja a Legas a 2014, a ƙarshen 2023 kuma ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin minista Bosun Tijani ta ƙaddamar da shirin 3MTT tare da hukumar NITDA da nufin horar da mutum miliyan uku a fasahar zamani, rukunin farko mutum 30,000. Tallan da ke cewa wata uku ka fara cin dala kam a yi hattara da shi, masu ɗaukar aiki sun fi duba abin da mutum ya gina ya ɗora a GitHub fiye da tarin satifiket.