Bayan an yi sulhu, me ya sa masu zafin ƙabilanci ke cin zaɓe?

Maganar ta taso ne a majalisarmu ta bakin Ƙofar Nassarawa bayan sallar isha'i, shayi bai ma gama dahuwa ba. Ga tambayoyin da aka yi ta jefowa, da amsoshin da na bayar.

Da gaske haka ke faruwa, ko dai zance ne?

Da gaske ne. A Ireland ta Arewa, inda aka daɗe ana rikici tsakanin masu son zama a Birtaniya da masu son haɗewa da Ireland, an sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ta Belfast a Afrilun 1998, kuma a shekarar aka ba jagororin masu sassauci na ɓangarorin biyu, David Trimble na jam'iyyar UUP da John Hume na SDLP, kyautar Nobel ta zaman lafiya. A zaɓen 2003 jam'iyyar DUP ta Ian Paisley, wadda ta yi fatali da yarjejeniyar tun farko, ta sha gaban UUP, a ɗaya ɓangaren kuma jam'iyyar Sinn Féin mai zafin ra'ayi ta sha gaban SDLP. A Bosniya, bayan yarjejeniyar sulhu ta Dayton ta 1995, jam'iyyun da suka ja ragamar al'ummominsu lokacin yaƙi, wato SDA da SDS da HDZ, su suka lashe zaɓen 1996.

Me ke jawo haka?

Rabon kujeru. Don kowa ya yarda ya ajiye bindiga, sai a yanka wa kowace al'umma kasonta. Bosniya na da shugabanni uku, ɗaya daga Bosniyawa Musulmi, ɗaya daga Sabiyawa, ɗaya daga Kuroshiyawa. A Labanan, yarjejeniyar Ɗa'ifa ta 1989 ta raba majalisa biyu daidai tsakanin Kirista da Musulmi.

Da zarar an yi haka, abokin karawar ɗan siyasa ya zama ɗan gidansu. Kujerar tasu ce ko ta wane hali, abin da ya rage shi ne wa zai hau ta. Da me zai kayar da ɗan'uwansa? Da cewa wancan ya sayar da mu, ni ne ba zan lanƙwasa ba. Mai zaɓe kuwa, wanda har yanzu tsoro bai sake shi ba, gani yake gara ya tura mai taurin kai wurin rabo. Milorad Dodik, ɗan siyasar Sabiyawan Bosniya, misali ne mai kyau: a 1998 ƙasashen Yamma ne suka dafa masa a matsayin mai sassauci, daga baya shi ya koma mai yawan barazanar ɓallewar yankin Sabiyawa.

To ashe sulhun bai yi rana ba ke nan?

Ya yi. An daina harbi, kuma a 2007 Paisley ɗin da kansa ya kafa gwamnati tare da Martin McGuinness na Sinn Féin. Sai dai wanda ba ya cikin rabon yakan tashi a tutar babu. A 2009 kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta yanke cewa tsarin Bosniya na nuna wariya, domin Bayahude ko ɗan ƙabilar Roma ba ya iya neman shugabanci.

Mu a Nijeriya wace hanya muka bi?

Yaƙin basasarmu bai ƙare a teburin sulhu ba, miƙa wuya aka yi a Janairun 1970. Amma masu tsara mulkin 1979 ba su manta da jam'iyyun jamhuriya ta farko, NPC da AG da NCNC, ba, kowacce da yankinta. Sai suka ɗauki wata dabara, wadda a ganina ta fi rabon kujeru hikima: shugaban ƙasa sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Dole ka je ka roƙi wanda ba yarenku ɗaya ba.

Kano ce kuwa aka fara gwada dokar a kanta. Jihohi 19 ne a lokacin. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano kuma, inda Malam Aminu Kano na PRP ya kwashe mafi yawan ƙuri'u, Shagari ya tsaya a kusan kashi 20 cikin ɗari. Abokin takararsa Awolowo ya kai ƙara cewa jihohi 13 ake bukata. Kotun Ƙoli ta karɓi lissafin jihohi 12 da biyu bisa uku na ta 13, wato Kano, ta tabbatar wa Shagari. Dattawan majalisarmu har yau ba su gama musu kan yadda ake yanka jiha gida uku ba.

Dabarar ta kashe siyasar ƙabilanci?

Ina! Wuri ta canza mata. Tunda jam'iyyar yanki ɗaya ba ta iya kai mutum fadar shugaban ƙasa, rigimar ta koma cikin manyan jam'iyyu, ana ta ja-in-ja kan karɓa-karɓa da wanda za a haɗa a tikiti. Ƙarfin gida kuma yana nan: a 2023 Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya ci Kano da gagarumin rinjaye, bai ci wata jiha ba. A shekarar ma sai da batun kashi 25 ya sake komawa Kotun Ƙoli, wannan karon a kan Abuja, kotun ta ce a lissafa ta kamar sauran jihohi.