Waiwaye: Zamanin da Turanci ya zama harshen talakawa a Ingila

Duk wanda ya dubi yadda Turanci ya mamaye ofisoshi da makarantu da intanet a yau, da wuya ya yarda cewa an yi kusan shekara 300 masu mulkin Ingila ba sa gudanar da mulki da shi.

Tun farko ma baƙo ne a tsibirin. A ƙarni na 5 ne ƙabilun Angul da Sakson da Jut suka tsallako teku daga arewacin Jamus da Denmak ta yau, suka zauna a Birtaniya da harshensu. Zuwan Kiristanci yankin Kent a 597 ya kawo kalmomin Latin. Sai mayaƙan Baikin na ƙasashen arewacin Turai, waɗanda suka fara kai farmaki a 793, daga baya suka zauna a arewa da gabas aka yi auratayya. Kalmomi irin su "they" da "egg" da "sky" gadonsu ne.

Babban juyin ya zo a 1066, lokacin da Wiliyam na Nomandi, wani yanki a arewacin Faransa, ya ci Sarki Harold na Ingila da yaƙi a Hastings. Ya ƙwace filaye ya raba wa mutanensa, manyan muƙaman coci su ma suka koma hannunsu. Fada da gidajen masu sarauta sai Faransanci, takardun hukuma da na coci kuma Latin. Turanci ya koma gona da kasuwa. Har yau ana ganin sawun wannan rabon: dabbar da talaka ke kiwo "cow" ce ko "sheep", amma naman da ake kai wa maigida a akushi "beef" ne ko "mutton", kuma daga Faransanci suka fito. Haka "judge" da "court" da "parliament".

A ganina wannan watsin da manya suka yi da shi ya yi masa rana. Tsohon Turanci yana raba sunaye namiji da tamata kamar Hausa, har da kaso na uku, ga ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake maƙala wa ƙarshen kalma, birjik. Sun riga sun fara zaizayewa, kuma da aka rasa masu tsare ƙa'idar rubutu, bakin jama'a ya ƙarasa su.

Siyasa ce ta dawo da martabarsa. Sarki John na Ingila ya rasa Nomandi a 1204, a 1337 kuma aka shiga dogon yaƙi da Faransa, Faransanci ya zama harshen abokan gaba. Annobar 1348 ta kashe ɗimbin mutane, 'yan ƙwadago suka yi tsada, maganarsu ta fara nauyi. A 1362 aka yi dokar yin shari'a da Turanci.

William Caxton ya kafa maɗaba'a a Westminster a 1476, daidai lokacin da furucin dogayen wasulan Turanci yake sauyawa. Bugu ya daskarar da rubutu, baki kuwa ya ci gaba da tafiyarsa. Shi ya sa ɗalibi a Kano ko Kumasi yake fama da "knight": a zamanin Caxton ana furta "k" ɗin nan ta farko, daga baya ta faɗi a baki, aka bar ta a takarda.