Bikin Kiɗa na Woodstock na 1969

Woodstock biki ne na kiɗa da waƙa da aka yi a fili, a gonar wani mai kiwon shanun madara da ake kira Max Yasgur, a garin Bethel na jihar New York a Amurka. An buɗe shi ranar Juma'a 15 ga Agusta, 1969, da niyyar tashi daren Lahadi, amma sai da hantsin Litinin 18 ga wata aka kashe lasifika. Mawaƙa da ƙungiyoyin makaɗa 32 ne suka hau dandamali, mahalarta kuwa an ƙiyasta sun haura 400,000. Duk da sunan da bikin ya ci, ba a garin Woodstock aka yi shi ba. Tsakanin garin da gonar akwai tazarar fiye da kilomita 60. Mafi yawan abin da aka kaɗa rok ne, da buluz, da waƙoƙin gargajiyar Amurka da ake rerawa da jita marar lantarki.

Shiri da wuri

Matasa huɗu ne suka shirya bikin: Michael Lang da Artie Kornfeld, waɗanda suka san harkar kiɗa, da John Roberts da Joel Rosenman, waɗanda suka kawo jari. Da farko sun kama fili a garin Wallkill, sai hukumar garin ta hana su izini a watan Yuli, saura wata guda a fara. A haka suka samu gonar Yasgur. Lokaci ya ƙure musu, ga aikin dandamali ga na shinge da rumfunan karɓar tikiti, dole suka fifita dandamali. An riga an sayar da tikiti kusan 186,000 a kan dala 18 na kwana uku, wanda zai saya a ƙofa kuma an yanka masa dala 24. Sai dai jama'a sun fara kwararowa tun kafin ranar, suka baje a filin da ba shinge, masu shirin suka haƙura suka ce kallo kyauta ne.

Hanyoyin karkarar sun toshe da motoci, har mutane suka riƙa barin motocinsu a gefen titi suna ƙarasawa a ƙafa. Makaɗa da yawa da jirgi mai saukar ungulu aka kai su bayan dandamali. Wannan cunkoso shi ya fara wargaza jadawalin, ruwan sama ya ƙarasa shi.

Dandamali da sauti

Filin kwari ne mai gangara, aka kafa dandamalin a ƙasa, 'yan kallo suka zauna a jikin tudun suna kallon ƙasa. Injiniyan sauti Bill Hanley ya ɗora manyan lasifikoki a kan hasumiyoyin ƙarfe, wasu a sama don su kai ga na can bisa tudu, wasu a ƙasa don na kusa. An tsara kayan ne don taron da bai kai rabin wanda ya zo ba, amma sun yi aiki har ƙarshe, kuma a zamanin da kayan sautin fili ba su yi nisa ba wannan ba ƙaramin abu ba ne. Rufin dandamalin bai kammalu ba, saboda haka yawancin fitilun da aka yi haya ba a rataye su ba. Mai kula da haske, Chip Monck, ya koma amfani da 'yan fitilun da ke kan hasumiyoyin, sannan aka ɗora masa aikin sanarwa, shi ne muryar da ke kiran waɗanda suka ɓace wa 'yan'uwansu da gargaɗin jama'a game da wata muguwar ƙwaya da ke yawo a filin.

An kuma yi wani faifan katako mai juyawa a kan dandamalin, domin yayin da wata ƙungiya ke wasa a gaba, wata na jera kayanta a baya. Bai daɗe ba ya lalace saboda nauyi, sai tazarar da ke tsakanin wasa da wasa ta ƙaru.

Juma'a

Richie Havens ne ya buɗe bikin da misalin ƙarfe biyar na yamma, ba don shi aka sa a farko ba, sai don ƙungiyar Sweetwater da ya kamata ta fara ta maƙale a hanya. An yi ta mayar da shi dandamali don cike lokaci har waƙoƙinsa suka ƙare, sai ya ƙirƙiri wata nan take, ya gina ta a kan tsohuwar waƙar ibada ta baƙaƙen fatar Amurka. Ita ce aka sani da “Freedom”. Daga baya ya riƙa cewa ya yi kusan awa uku yana wasa, amma sautin da aka naɗa ya nuna bai kai haka ba. Daren ya zama na masu sanyin kiɗa: Ravi Shankar na Indiya ya kaɗa sitar, kayan kiɗan Indiya mai tsirkiya, ana yayyafi, sai Melanie, da Arlo Guthrie, sannan Joan Baez ta rufe, tana da cikin wata shida, mijinta kuma yana kurkuku saboda ƙin shiga aikin soja a lokacin yaƙin Biyetnam.

Asabar zuwa wayewar Lahadi

Ranar Asabar ce kayan lantarki suka karɓe dandamalin. Ƙungiyar Santana ta hau da rana ba tare da mafi yawan jama'a sun san ta ba, domin faifanta na farko bai fito ba sai bayan bikin. Mai shirya wasanni Bill Graham ne ya matsa aka sa ta. Ta haɗa jitar buluz da gangunan Latin Amurka, mai kaɗa mata ganga Michael Shrieve kuma shekarunsa 20 kacal. Cikin abin da ta kaɗa akwai “Jingo”, wanda asalinsa kiɗa ne na Babatunde Olatunji, makaɗin gangar nan ɗan Najeriya da ya zauna a Amurka.

Da almuru Canned Heat ta yi wasa, ƙungiyar da Bob Hite da Alan Wilson suka kafa, su biyun kuma masu tara tsofaffin faya-fayan buluz ne. Bayanta Mountain, sai Grateful Dead, wadda ta gamu da dandamali jiƙe da wayoyin da ba a haɗa daidai ba, har wuta ta riƙa jan makaɗan idan suka taɓa jita ko makirufo. Su da kansu sun ɗauki wasan a matsayin ɗaya daga cikin mafi muni da suka yi. Jinkirin ya tura Creedence Clearwater Revival zuwa bayan tsakar dare, jagoranta John Fogerty ya koka cewa ya tarar da jama'a sun yi barci. Janis Joplin ta hau wajen ƙarfe biyu na dare bayan doguwar jira, muryarta a gajiye. Sly and the Family Stone ce ta tashi filin da misalin uku da rabi, Sly yana bayarwa dubban ɗaruruwa suna amshi, kuma da yawa daga waɗanda suka halarta suna sa wannan wasa a sahun gaba.

The Who ta Birtaniya ta fara wajen ƙarfe biyar na asuba. Ana cikin wasan ɗan gwagwarmayar siyasa Abbie Hoffman ya haye ya kama makirufo zai yi magana a kan ɗaurin da aka yi wa wani ɗan gwagwarmaya, John Sinclair, sai Pete Townshend, mai jitar ƙungiyar, ya kore shi da jita. Gari ya waye suna kan dandamali. Jefferson Airplane, wadda aka tsara ta rufe daren Asabar, sai da ƙarfe takwas na safiyar Lahadi ta fara.

Lahadi da Litinin

Joe Cocker ya buɗe da rana, yana sauka hadari ya taso da iska da tsawa. Aka kashe wuta, aka yi ta roƙon waɗanda suka ɗare hasumiyoyin lasifika su sauko, wasa ya tsaya na awoyi, filin ya koma taɓo. Da aka dawo, buluz ya samu rabonsa mafi girma a bikin. Ten Years After ta Birtaniya ta yi wasa duk da laimar da ke kwance wa jitoci sauti, saurin yatsun mai jitarta Alvin Lee kuma ya zama abin da aka fi tunawa da ita. Johnny Winter na jihar Texas ya hau wajen tsakar dare, ƙaninsa Edgar ya taya shi a wasu waƙoƙi. Crosby, Stills, Nash and Young sun yi wasansu na biyu ke nan a gaban jama'a a matsayin ƙungiya. Da asuba Paul Butterfield na Chicago ya zo da hamonika da masu busa ƙaho.

Jimi Hendrix, wanda ya fi kowa karɓar kuɗi a bikin, dala 18,000, shi aka ajiye ya rufe. Sai wajen ƙarfe tara na safiyar Litinin ya hau, mafi yawan jama'a sun riga sun kama hanyar gida, filin cike da shara da barguna jiƙaƙƙu. Ya zo da sabuwar ƙungiya ta mutum shida da ba ta gama sabawa da juna ba, a ciki akwai Billy Cox da Mitch Mitchell, kuma wasan na kusan awa biyu yana da wuraren da ya yi rauni. Amma a cikinsa ne ya kaɗa taken ƙasar Amurka da jita, yana karkatar da sautin yana sa shi kuka da rugugi, har masu sauraro da dama suka ji ƙarar jiragen yaƙi da faɗuwar bama-bamai a ciki. Wasu sun ɗauke shi a matsayin suka ga yaƙin Biyetnam, wasu suka ce cin mutuncin take ne. Shi kuwa, wanda ya taɓa zama sojan laima, da aka tambaye shi a talabijin bayan 'yan makonni, cewa ya yi a ganinsa abin ya yi kyau.

Matsayin buluz a bikin

Buluz kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, ya kuma bayyana a ƙarshen ƙarni na 19, musamman a yankin kogin Mississippi. A tsarinsa da aka fi sani, mawaƙi yakan rera ɗango, ya maimaita shi, ya kawo na uku ya warware maganar, jita tana yi masa amshi a tsakani. Da baƙaƙen fata suka yi ƙaura zuwa biranen arewa irin su Chicago, aka jona shi da lantarki, daga nan rok ya samo tushensa a shekarun 1950.

Duk wanda ya saurari Woodstock zai ji wannan tushe kusan ko'ina: Joplin ta rera “Ball and Chain” ta Big Mama Thornton, fitacciyar waƙar Canned Heat da aka sa a farkon fim ɗin bikin an ɗauko karinta ne daga faifan Henry Thomas na 1928, Hendrix ma ya kaɗa buluz tsantsa a tsakiyar wasansa. Abin lura shi ne dattawan wannan kiɗa ba su cikin jerin. Babu Muddy Waters, babu B.B. King, babu Howlin' Wolf. Almajiransu ne suka wakilce su, yawancinsu farar fata 'yan Amurka da Birtaniya. Makonni biyu kafin nan, daga 1 zuwa 3 ga Agusta, waɗannan ukun da Son House da T-Bone Walker da ita Big Mama Thornton sun yi wasa a bikin buluz na Ann Arbor a jihar Michigan, gaban taron da bai kai kashi ɗaya cikin goma na Woodstock ba. A wannan bazarar kuma B.B. King ya yi wasa a bikin al'adu na Harlem, wanda hotunansa suka yi shekaru kusan hamsin a ajiye kafin a mayar da su fim. Wasu daga cikin almajiran sun rama alheri: Johnny Winter ne ya shirya wa Muddy Waters faifan da ya dawo da shi kasuwa a 1977.

Fim da faifai

Masu shirin sun tashi da bashin da ya haura dala miliyan ɗaya. Abin da ya fitar da su a hankali shi ne fim ɗin da Michael Wadleigh ya ba da umarni, wanda ya fito a 1970 ya kuma ci kyautar Oscar ta fim ɗin gaskiya. Thelma Schoonmaker da Martin Scorsese na cikin waɗanda suka tace shi. Eddie Kramer na cikin waɗanda suka naɗi sautin a wata mota da ke bayan dandamali.

Fim ɗin ne ya yanke wa duniya abin da za ta tuna. Santana, Joe Cocker, Ten Years After da Sha Na Na sun ɗaukaka saboda an gan su a ciki. Creedence Clearwater Revival, The Band, Grateful Dead, Johnny Winter da Butterfield ba su fito a bugun farko ba, wasu don sun ƙi da kansu, wasu don manajojinsu ba su daidaita a kan kuɗi ba, har mutane da yawa suka manta sun yi wasa a wurin. Neil Young na ƙungiyar Crosby, Stills, Nash and Young ya hana a ɗauki hotonsa a fim ɗin. An kuma sauya jerin wasannin, don haka fim ɗin ba madubin jadawalin ba ne. Sai a 2019, da bikin ya cika shekara 50, aka fitar da kusan duk sautin da aka naɗa a faya-fayai 38, a jere yadda aka yi shi.

Lafiya da abin da ya biyo baya

Abinci da ruwa da makewayi sun yi ƙaranci, har aka ayyana dokar ta-ɓaci a ƙaramar hukumar Sullivan, inda garin Bethel yake. Jiragen soja sun kawo likitoci da magunguna, mazauna yankin suka aiko da abinci, 'yan Hog Farm, wata ƙungiyar matasa masu zaman tarayya, kuma suka dafa suka raba kyauta suna kula da waɗanda ƙwaya ta bugar. An samu mace-mace kaɗan, ciki har da wani matashi da tarakta ta taka yana barci. Tashin hankali kuwa bai yi yawa ba idan aka dubi girman taron, saɓanin bikin kiɗa na Altamont a jihar California na Disambar wannan shekara da aka kashe mutum a gaban dandamali.

Uku daga cikin waɗanda suka yi wasa, Alan Wilson da Hendrix da Joplin, sun rasu tsakanin Satumba da Oktoban 1970, kowannensu yana da shekara 27. Yasgur ya sayar da gonar, ya rasu a 1973. An sake yin biki da sunan Woodstock a 1994 a Saugerties, da 1999 a garin Rome na jihar New York, inda aka ƙare da ƙone-ƙone da rahotannin cin zarafin mata. Wanda aka shirya yi a 2019 an soke shi. A asalin filin akwai cibiyar fasaha ta Bethel Woods da aka buɗe a 2006, da gidan tarihinta na 2008, kuma a 2017 aka sa wurin cikin rajistar wuraren tarihi ta Amurka.