Coci-coci da Sulhu a Ruwanda Bayan Kisan Ƙare Dangi na 1994

Wannan shi ne aikin da limaman Kirista da mabiyansu suka yi a Ruwanda domin sasanta waɗanda suka tsira daga kisan ƙare dangin da aka yi wa 'yan ƙabilar Tutsi da waɗanda suka aikata shi, wato masu tsattsauran ra'ayi daga ƙabilar Hutu. An fara kisan ranar 7 ga Afrilu, 1994, kuma cikin kwana ɗari aka hallaka mutum kusan 800,000 bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, har da 'yan Hutu da suka ƙi ba da hannu. Gwamnatin ƙasar ta ce adadin ya haura miliyan ɗaya.

Laifin da ke wuyan coci

Coci ba ta shiga sulhun da hannu mai tsabta ba. Mafi yawan 'yan ƙasar Kiristoci ne, kuma dubban mutanen da suka gudu cikin majami'u neman tsira a can aka kashe su. A Ntarama kusan mutum 5,000 suka mutu. A Nyange an rushe cocin da katafila a kan mutum kusan 2,000, kuma kotun duniya da ke Arusha a Tanzaniya ta samu limamin wurin, Athanase Seromba, da laifi a 2006, daga baya aka mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. Amma akwai irin su Félicité Niyitegeka, 'yar Hutu a Gisenyi, wadda ta ƙi rabuwa da mutanen da ta ɓoye har aka kashe ta tare da su.

Neman gafara ya zo da jinkiri. A Disambar 1996 wasu Kiristoci 'yan Hutu da Tutsi da Turawa suka haɗu a garin Detmold na Jamus, kowane ɓangare ya furta laifin mutanensa. Bishop-bishop na Katolika ba su nemi afuwa tare ba sai a Nuwambar 2016, gwamnati kuwa ta ce bai wadatar ba. A Maris 2017 Fafaroma Francis ya roƙi gafarar Allah a kan gazawar cocin lokacin da Shugaba Paul Kagame ya ziyarce shi.

Aikin ƙauye

Sulhun da ya kama ƙasa a ƙauyuka aka yi shi. Bayan kisan, fursunoni kusan 120,000 suka cika gidajen yari. A 2003 gwamnati ta fara sakin waɗanda suka amsa laifinsu, kotunan gargajiya na gacaca kuma suka yi ta zama har 2012. Sai ga wanda ya kashe ya dawo unguwa ɗaya da gwauruwar wanda ya kashe, rijiya ɗaya, coci ɗaya. Kotu na iya yanke hukunci, amma ba ta iya sa maƙwabta su gaisa.

A cocin Mushaka da ke yankin Cyangugu, Fada Ubald Rugirangoga, wanda aka kashe masa dangi fiye da tamanin, ya tsara wata hanya. Masu laifi sukan yi watanni suna ɗaukar darasi, su je gidan waɗanda suka zalunta su nemi gafara, su biya abin da suka ɓarnata, sannan a karɓe su a gaban jama'a. Shi kansa ya yafe wa mutumin da ke da hannu a kisan mahaifiyarsa, ya kuma ɗauki nauyin karatun 'ya'yansa. Ya rasu a 2021. Abin da ya ba tsarin ƙarfi shi ne gaskiya ta riga yafiya. Ga uwar da ba ta san inda aka jefa gawar ɗanta ba, nuna mata ramin ya fi dogon wa'azi, domin sai ta binne shi hankalinta yake kwanciya.

Ƙungiyar Prison Fellowship Rwanda, wadda Bishop John Rucyahana na Angilikan da Fasto Deo Gashagaza suka kasance cikin jagororinta, ta fara da wa'azi a kurkuku, daga baya ta gina ƙauyukan sulhu kamar Mbyo a gundumar Bugesera. A can masu laifi da waɗanda suka tsira suka buga tubali tare, suka gina gidajen da suke zaune a ciki, suna noma a ƙungiya ɗaya.

Suka

Akwai ƙorafi mai nauyi. Wasu da suka tsira sun ce an matsa musu su furta yafiya tun raunin bai warke ba, wasu masu laifin kuma sun amsa laifi ne don a rage musu ɗauri. Haka nan ba a cika buɗe maganar kashe-kashen da sojojin RPF, ƙungiyar Kagame da ta karɓi mulki bayan kisan, suka yi ba, ciki har da kisan bishop uku na Katolika a Gakurazo a Yunin 1994, don haka iyalan waɗanda suka mutu ta wannan hanya ba su da dandalin kuka irin na Kwibuka, makokin tunawa da kisan ƙare dangin da ake yi kowace Afrilu.