Me ake nufi da "zare mai narkewa" a tiyatar tumbin kare?

Kare ya haɗiye totuwar masara ko safa, likitan dabbobi ya tsaga tumbinsa ya ciro, sai ya ce wa mai karen, "Kada ka damu, na ciki zare mai narkewa ne." Wato jiki da kansa zai cinye zaren, babu zancen sake buɗe ciki don warwara.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne, narkewa daban, rasa ƙarfi daban. Zare yakan saki tun yana nan kwance cikin nama, kamar tsohuwar igiyar guga da ake gani lafiya amma ba ta iya jan ruwa. Wani irin zare mai narkewa da ake kira Monocryl yakan rasa fiye da rabin ƙarfinsa cikin mako 2, alhali sai ya yi wata 3 zuwa 4 kafin ya ɓace. Wani irin kuwa, mai suna PDS, yana riƙewa har mako 6, ya ɗauki kamar wata 6 kafin ya narke. Tumbi yana da wadatar jini, yakan haɗe cikin mako 2 zuwa 3, don haka abin da likita ke tambaya shi ne ko zaren zai kai wannan lokacin.

Nan tsohon zaren katgot ya faɗi. Da hanjin tunkiya ko na saniya ake yin sa (ba na kyanwa ba, duk da cewa "kat" na sunan kyanwa ce a Turanci), tumbi kuma aikinsa ke nan narkar da nama. Ka ɗinke shi da nama, ai ka ba kura ajiya.

Lambobin jikin fakiti, 2-0 ko 3-0, kauri suke nunawa: 2-0 na nufin sifiri biyu, 3-0 sifiri uku, kuma yawan sifiri, ƙarin siranta. Su biyun aka fi ɗinke tumbin kare da su. Idan babban kare ne irin Great Dane da tumbinsa ya murɗe, za a ɗaure tumbin da bangon ciki na dama, akan ɗauki 2-0 ko 0.

A ganina kauri ba shi ne kan gaba ba. Bangon tumbi hawa huɗu ne, ɗaya kawai ke riƙe ɗinki, wani farin yaɗi mai tauri da ake kira sabmukosa. Wani likitan tiyata, William Halsted, ya nuna haka a Amurka a 1887, a kan hanjin karnuka ma ya yi gwajin. In allura ta tsallake wannan yaɗin, komai kaurin zare yaga naman zai yi ya fita, abinci ya tsiyaya cikin ciki.